Matan Gidanmu Ba Sa Cin Ƙwai

Tun da na ga Malam Hammanjoda ya mayar da kwalbar allurar cikin firiji na san akwai wata a ƙasa.

A shekarar 1994 ne. Tobiya, ɗan yayata Adda Lydia, ya aiko da wasiƙa. Shekara goma sha ɗaya rabonta da shi. Yana aikin kicin a wani ƙaton jirgin ruwa mai yawo da tsofaffin Turawa ƙasa-ƙasa don shan iska. Ya ce jirgin zai tsaya a Legas kwana biyu kacal, Asabar da Lahadi, kuma an yarda uwarsa ta shiga ta yi mako uku tare da shi a kan ruwa. Sharaɗi ɗaya ne: katin allurar shawara, wanda ake ce wa yalo kad. In babu kati, ba ta taka jirgi.

Ni Dinatu na bar rumfar doyata na raka ta ofishin lafiya, don Adda ko kuda ya sauka mata a hanci sai ta ba shi haƙuri kafin ta kore shi. Hammanjoda, jami'in da ke allura, dogo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Har ya ɗauko kwalba, sai ya tambayi shekarunta. Ta ce sittin da bakwai.

"Mama, kina cin ƙwai?"

Na riga ta amsawa. "Matan gidanmu ba sa cin ƙwai. Al'adarmu ce tun daga Inna. Me ya haɗa ƙwai da jirgin ruwa?"

Bai ko kalle ni ba. Ya ce in ɗan jira a waje.

A waje fa. Ni da na rufe rumfa. Na tsaya a bakin taga ina leƙe, na ga yana tambaya, Adda ta sunkuyar da kai tana motsa baki. Sai ya buɗe firiji ya ajiye kwalbar. Da na koma ciki ya ce ba zai yi mata allura ba, wai a cikin ƙwan kaza ake haɗa maganin, ga kuma tsufa. Zai rubuta mata takardar uzuri, babban likita ya sa hannu, mu dawo Alhamis da safe.

A hanya na tambaye ta me ta gaya masa. Ta ce ba komai.

Ba komai? To, ni ba yarinya ba ce. Tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha kowa ya sami tebur da hatimi, kuma duk mai tebur ya san abin da yake yi. Ƙila yana ɓoye allurar ne wa manya. Ƙila kuma Mary matar Philemon ce ta shiga ta fita, don tun ranar da aka yi sanarwar tafiyar a zumuntar mata ta coci take yaƙe kamar mai ciwon haƙori, ga shi ƙanin mijinta masinja ne a ofishin. Wani direba da ke ɗauko mini doya daga Iware ya ƙara mini wuta. Ya ce shi ya san Legas, a tashar jirgi hatimi suke dubawa, farar takarda kuwa su ƙunsa gyaɗa da ita.

Na kwashe duka na juye wa Adda a gidanta na Yelwa. Na ce mata ana so ne ta je har Legas a mayar da ita daga bakin ruwa, tana hango ɗanta. Na ga hannunta ya tsaya a kan zanen da take ninkewa.

"Kina ganin ba za su karɓi takardar ba?"

"Ko kusa. Sai allura, sai hatimi."

Ranar Alhamis na dafa ƙwai biyu, ni da a duniya ban taɓa ɓare ƙwai don bakina ba. Motar Legas za ta tashi da azahar, jakar Adda tana hannuna. Muna shiga na dire su a kan teburin Hammanjoda.

"Malam, ka ce ƙwai ne matsala. To ga ƙwai. Al'ada ce, mu muka riƙe ta, yau mun sake ta. Sai ka nemo wata ƙaryar."

Na ɓare nawa na cinye a gabansa. Ƙarni ne da shi, amma ban mutu ba. Ya miƙe yana cewa, "Mama, kar ki taɓa," amma Adda ta riga ta kai nata baki. Ta ci rabi. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, yi mini allurar."

Ba a yi minti biyar ba leɓenta ya kumbura. Idanunta suka shige ciki, numfashinta ya koma fito kamar butar shayi. Hammanjoda ya ture ni gefe, ya fasa wata ƙaramar kwalba ya soka mata a cinya, yana ƙwala wa direban ofis kira. Ni kuwa ina tsaye da ɓawon ƙwai a hannu, sunan Yesu kawai nake iya kira. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba.

Kwana huɗu ta yi a gadon asibiti. A rana ta biyu, da harshenta ya saɓe, na tambaye ta.

"Adda, kin sani?"

Ta ce ta sani. Tana 'yar shekara biyar ta ci ƙwai ta kusa tafiya lahira, tun ba a haife ni ba. Inna ce ta ƙirƙiro al'adar, don kada ƙwai ya ƙara shiga gidan, kada kuma a riƙa nuna 'yarta ana cewa mai lalura. Abin da ta gaya wa Hammanjoda ke nan ranar da ya fitar da ni.

"To don me kika ci?"

"Ke kika ce ba za su karɓi takardar ba."

Hammanjoda da kansa ya kawo takardar uzurin har asibiti. Ya ce tun Laraba aka sa hannu, tana cikin aljihun teburinsa lokacin da nake zazzaga masa rashin mutunci. Har da hatimi biyu a jikinta. Ya gaishe ni da mai jiki ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan wata biyu wasiƙar Tobiya ta iso. Ya ce ya tsaya a bakin ƙofar tashar tun safiyar Asabar har aka busa ƙahon tashi ranar Lahadi. Ya ce ya manta bai faɗa ba a wasiƙar farko, in allurar ba ta yiwu ba a karɓo takardar likita, don tsofaffin da ke jirgin da yawansu da ita suke shiga.

Ni na karanta mata, don idonta ya yi rauni. Da na zo wajen nan na tsallake. Ta ce, "Dinatu, kin bar layi. Koma ki karanta." Na koma na karanta.