Sunan Dogo a Rediyo

Ni na yi wa Dogo alkawari, da bakina, a gindin rumbunsa can bayan ƙauyen Kekun Waje. Manomi ne, ya yarda ya gaya mini hanyar da 'yan bindiga ke bi da shanun mutane. Matarsa Hanatu tana ta harararsa. Na ce mata, "Inna, kwantar da hankalinki, sunansa ba zai fita ba."

A ƙaramin gidan rediyonmu na Gusau muna da tsari. In na rubuta rahoto, sunan duk wanda ya ba da shaida sai in sa shi cikin baka biyu. An saita manhajar rubutunmu ta shafe duk abin da ke cikin baka da baƙi. Mai karanta labarai ba ruwansa, abin da ya gani shi zai karanta, inda ya ga baƙi ya ce "wani mutum".

To saitin nan yana da shegen tsautsayi. A wajen manhajar, baka ba baka ba ce kawai, umarni ce. In kana nufin bakar kanta, dole ka sa mata wani ɗan kara mai jingina baya a gabanta. Kara biyu ke nan, ɗaya ga mai buɗewa, ɗaya ga mai rufewa.

Aka kawo sabuwar kwamfuta. Tajuddeen, injiniyanmu mai ji da kai, ya zauna yana kwafe saitin da hannu yana cin gyaɗa. Ya ga karan nan biyu, wai sun yi masa kama da datti, ya zubar da su. Gwadawa ma bai yi ba! Ni kuwa ina Tsafe wajen wani aikin, na turo rahoton hirata da Dogo, sunansa cikin baka kamar kullum.

Manhajar ta yi abin da aka ce mata: tunda babu karan, sai ta ɗauki bakar a matsayin wani umarni daban. Ta bi rahoton ta baƙanta kowace aya, ta bar sunaye tsirara.

Ina cikin mota a hanyar dawowa direba ya kunna labaran rana. Na ji muryar Halliru, sabon mai karanta mana labarai, yana zubawa tiryan-tiryan. Sai na ji, "In ji Dogo na Abdulsamad." Har da sunan ubansa. Innalillahi! Na kira ofis, amma magana ta riga ta fita.

Na kira Dogo, ba ta shiga. Na kira, na sake kira har muka shigo gari.

Bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta shigo. Hanatu ce, muryarta a bushe, ko kuka babu.

"Malama Sadiya, sun zo gona. Ba su taɓa kowa ba. Sunanai suka kira, har da na ubanai, yadda rediyo ta faɗi. Sun tahi da shi."



Na shiga ofis kamar zan ci mutum. Tajuddeen na gaban kwamfuta, gumi na zuba, ya gano inda ya yi ɓarnar. Ban ma buɗe baki ba ya danna maɓalli sau biyu, ya mayar da karan nan biyu.

"Anti, ya gyaru," ya ce a hankali.

Na dubi allon. Sunan Dogo ya koma baƙi.