Farfesun Suwaiba

"Saki kifin nan, Luba! Ba naki ba ne."

Na saki wutsiyar da na ciro daga tukunya. Inna ta juye farfesun kaf a langa, ta miƙo min. "Kai wa Suwaiba. Saura ki buɗe a hanya."

Baba ne ya sayo kifin daga Tiga, amma mu ko romo ba mu lasa ba. Tun da Suwaiba 'yar maƙwabtanmu ta daina cin abinci, duk wani abu mai daɗi na gidanmu can yake tafiya. Sa'ata ce, ajinmu ɗaya a firamare. Da azumin Litinin da Alhamis ta fara, matan unguwa suna ta sa mata albarka. "Dubi 'yar mutane," in ji Inna, "ke kuwa sai ci kamar gara." Daga baya ya zama kullum, in an sha ruwa ta gutsuri dabino ta ce ta ƙoshi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kai ta asibiti an ƙara mata ruwa. Tana dawowa ta koma gidan jiya.

Na same ta a tabarma bakin ƙofa, awarwaro ya zame mata har gwiwar hannu. Mahaifiyarta, Iya Tasalla, ta buɗe langar, ƙamshi ya cika tsakar gida.

"Loma ɗaya, 'yar nan. Malam ma ya ce ki karya."

Suwaiba ta kau da kai, ta dube ni. "Luba, kin ƙara kumatu."

"Ke kuma kin zama sillen kara. An ba ki kifi kina wa mutane yanga."

Ta yi dariya har ta ƙware. "Ina jin ƙamshin fa. Shiga ne ba ya yi."

Sai ga Inna ta shigo. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗora kan Suwaiba a cinyarta, tana shafa mata man shanu a gashi, tana ce mata 'yar lele. Ni rabon da ta taɓa kaina tun ƙaramar sallah. Na fita ina haɗiyar yawu da haushi.

A wannan cinyar Suwaiba ta cika, ranar wata Asabar bayan la'asar. Daga gidanmu na jiyo salatin Inna kafin kukan Iya Tasalla.

Bayan an share makoki, Inna ta zubo min dambu da rana. Na yi loma biyu, na ture kwanon.

"Na ƙoshi."

Ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta taho da sauri, ta zauna dab da ni, ta jawo ni jikinta. Zaninta yana warin hayaƙi da man shanu.

"Luba. 'Yar lele. Buɗe bakin."

Ta dunƙula dambun da yatsunta, ta kawo bakina. Cikina yana kuka. Na kwantar da kai a kafaɗarta, na bar leɓena a rufe.