Ƙanƙarar Minti Hamsin

Mai kemis ya gargaɗi Goggo cewa allurar mijinta ba ta son zafi, in ta ɗumama ta lalace. Da ya tambayi nisan tafiyar, ta ce minti hamsin ne a jirgin sama daga ƙaramin filin jirgin garin zuwa na garinsu. Sai ya zuba mata ƙanƙara kaɗan a fulas, ya saka kwalbar allurar a ciki.

Ba wanda ya gaya mata akwai jiran awa biyu a ɗakin da fanka ɗaya ke juyawa kamar an tilasta mata. Kafin a tashi, ruwa kawai ke motsi a fulas.

Suna sama ta manna shi jikin taga, don ta taɓa jin cewa can wajen akwai sanyi.

"Mama, me kike nuna wa gajimare?" in ji ma'aikaciyar jirgin.

"'Yata, maganin tsohona zai lalace. Ko za ki ɗan buɗe tagar?"

Ma'aikaciyar ta danne dariya, ta kawo kofi cike da ƙanƙara. Goggo ta juye a fulas, ta taɓa kwalbar allurar. Da sauran sanyinta.