Kukan Alfadara

Ƙafafu biyu kawai ake gani daga ƙarƙashin motar, ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Safiyo yana zaune a kan wata tsohuwar taya a bakin garejin, yana kallonsu kamar mai jira a ƙofar ɗakin tiyata.

"Injiniya, ka mutu ne a ciki? In ka mutu ka faɗa, in ja motata."

"Ka ja ta zuwa ina?" muryar ta fito daga ƙasa. "Motar da ba ta shan kwana sai ta yi kuka kamar ana zare mata haƙarƙari?"

Mai ƙafafun ƙanen matar Safiyo ne, marigayiya. Bai taɓa shiga ajin injiniya ba. Safiyo ne ya laƙaba masa sunan don tsokana tun yana koyon riƙe sifana, sunan kuwa ya bi shi har furfura. Shi ma Safiyo ya daɗe da ajiye aikin awon ƙasa, amma aikin ya ƙi karɓar sunansa. Ita kuma motar, marigayiya ce ta raɗa mata Alfadara, wai ba kyau, ba gudu, ga taurin kai, amma ba ta taɓa yar da kaya a hanya ba. Safiyo ya sha zargin cewa ba motar kaɗai ake nufi ba.

Ciwon Alfadara ya fara ne ranar da ya sake tayar da ita, bayan ta daɗe a rumfa tun rasuwar. A miƙaƙƙiyar hanya gunaguni kawai take yi, irin na tsohon da aka tasa daga barci. Amma da an karya sitiyari a kan kwalta sai ta turje. Sitiyarin ya yi nauyi, tayoyin gaba su riƙa tsalle suna goge ƙasa, wani abu ya buga ƙwas daga can ƙarƙashi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, da ta sauka hanyar ƙasa sai ta warke sarai, ta tafi sumul kamar amarya.

Injiniya ya fara da farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, ya canza mata gaɓoɓi. Kuka bai daina ba. Ya koma kan boris ɗin tayoyin gaba, ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kai, ya zare, ya wanke, ya cika da giris. Ya tsiyaye man giyabos a faranti, ya murza shi tsakanin yatsu yana neman ɓurɓushin ƙarfe, har ya shinshina. Babu komai. In an ɗaga ta a jak lafiyarta ƙalau, in an sauke ta a kwalta ciwo ya dawo. Safiyo, wanda ya karanta littafin motar fiye da yadda wasu ke karanta na addininsu, ya zo da nasa bayanan, kowanne da lambar shafi. Su ma ba su warkar da kowa ba.

Tun ranar farko Injiniya ya yi tambayar da kowane makanike zai yi.

"Ƙaramin giyan fa? Ba a fowil take ba?"

"Yayarka ce ke cire shi," in ji Safiyo. "Ka taɓa ganin ta manta da wani abu?"

Injiniya ya tuna matar da har ta bar duniya tana tuna masa kofin gilashin da ya fasa yana yaro. Ya girgiza kai. "Yaya ba ta mantuwa." Da haka aka rufe wannan babin. Fitilar da ke nuna an sa fowil, wato tayoyi huɗu duka suna ja, ta mutu tun Auta, 'yar Safiyo, tana firamare, shi kuwa ƙaramin giyan da ke sa shi yana can gefen kujerar mai zaman banza, ƙarƙashin wani shuɗin mayafi da ya zame ya rufe shi. Ba wanda ke taɓa mayafin. Ba wanda ke zama a kujerar. Safiyo bai taɓa kafa wannan doka da baki ba, shi ya sa ba wanda ya sami hanyar karya ta.

Injiniya ya jawo jikinsa waje, ya zauna yana neman takalminsa.

"Na duba abin da zan iya dubawa. Saura in sauke giyabos gaba ɗaya, in kuma na buɗe shi ban san ko zan sami kayansa ba. Masu irin wannan motar duk sun mutu."

"Saura ni."

"Kai ma ai don ba a sami kayanka ba ne."

Ana cikin haka wata ƙaramar mota mai sheƙi ta tsaya a bakin garejin, irin waɗanda Safiyo ke kira sabulun wanka. Auta ta fito, 'yarsa, ita kaɗai ta rage a garin cikin 'ya'yansa. Ta rusuna ta gaida kawunta, ta gaida mahaifinta, sannan ta tsaya tana kallon Alfadara da irin idon da ake kallon ɗan uwan da ya zo kwana biyu ya shekara.

"Kawu, an samu?"

Injiniya ya duƙufa ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

"Baba, mun yi magana," ta ce a hankali. "Ka ce in ba a gano ba wannan karon, shi ke nan. Ranar nan a shataletale sitiyari ya ƙi juyawa, saura ƙiris ka hau kan mai keke. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun ce gobe za su zo da motar ja."

"Na sani. Ni na yi alkawarin, ba a mafarki aka gaya mini ba."

"Duk inda kake so zan kai ka."

"Haka ake ce wa kaya."

Ba ta amsa ba. Ta gaji wannan daga uwarta: ta bar magana ta faɗi ƙasa, mai ita ya sunkuya ya ɗauka da kansa. Safiyo ya dubi motar. Ga lotsawar da reshen bishiya ya yi mata shekarar da suka yi awon hanyar dam, ga ƙofar baya da ba ta buɗuwa sai an dafa ta da gwiwa. Gobe wasu samari da guduma za su raba ta kashi-kashi, su auna a sikeli. Ya yi wa ƙasa awo tsawon rayuwarsa, ya san duk abin da aka ɗora a ma'auni ya riga ya zama na wani.

"A yi mata zagaye ɗaya," in ji Injiniya. "Ni zan kwanta a baya in kasa kunne a ƙasa. Amma ina bukatar kunne a gaba. Kai naka na dama ya daɗe da yin ritaya."

Gaskiya ne. Duk tsawon shekarun, marigayiya ce kunnen motar. Ita ke cewa, tsaya, akwai abin da ke kaɗawa ta nan, tun kafin abin ya san yana kaɗawa.

Auta ta buɗe ƙofar gaba. Sai da ta sa ƙafa ɗaya ta tuna, ta tsaya, ta dubi mahaifinta. Safiyo ya kafa ido a gilashin gaba kamar yana karanta wani abu a jikinsa.

"Ki shiga mana. Kujera ce, ba kabari ba."

Suka fita daga layin garejin, mai ƙasa da ramuka, Alfadara tana tafe lafiya lau. Auta ta zauna a ɗofane, ta tattare gwiwoyinta don kada su taɓa mayafin. Ƙamshin cikin motar bai canza ba: tsohuwar fata, ƙura, da ɗan abin da ya rage na man da uwarta ke shafawa a hannu. Tana yarinya, can baya take zama tsakanin ƙafafun na'urar awo, tana kallon ƙeyoyin iyayenta. In an zo taɓo, Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, "To." Mama ta kama ƙaramin giyan ta ja shi baya da ƙarfi, don taurinsa ya fi ƙarfin hannu ɗaya na mai tuƙi. In an fito kwalta kuwa ba ya cewa komai. Ita ce ke tura shi gaba, ta ɗan bubbugi gaban motar, ta ce mata ta huta.

Tayoyin gaba suka hau kwalta, suka yi 'yar girgizar nan ta hawa. Hannun Auta ya tafi da kansa. Sabo turken wawa, ko da sabon na kallo ne.

"Alfadara, huta," ta ce, da muryar da ba tata ba, tafinta a kan mayafin.

Sai Auta ta dakata. Ta sake lalubawa ta saman ƙyallen.

"Baba. A baya yake."

"Me?"

"Giyan Mama. A baya yake. Ba a cire ba."

Safiyo ya taka birki a gefen hanya, har kan Injiniya ya bugi kujera. Injin yana ta gunaguninsa.

Ranar ta dawo wa Safiyo ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya gayyace ta ba. Shi da marigayiya sun je duba ɗan filinsu na bakin rafi, ruwa ya kama su, hanya ta zama kunu. Ya ce to, ta ja. Ya tuna har ta yi dariya ta ce ƙarfen nan ya fi jiya tauri. Kafin su fito kwalta ta jingina kai da gilashi, ta ce kanta na sarawa, mayafin ya zame daga kafaɗarta. Da suka hau kwalta bai ji an ce wa Alfadara ta huta ba. Bai lura ba, don a lokacin sunanta yake kira, yana neman hanyar asibiti.

Injiniya ya leƙo ta tsakanin kujeru, ya dubi ƙarfen da Auta ta yaye wa mayafi. Ya share fuska da tsumman da ya fi fuskar datti.

"Shi ya sa," ya ce. "Tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke. A ƙasa taya na samun inda za ta zame. A kwalta babu, sai su yi ta murɗe juna." Ya ja hanci. "Na canza farfela. Na canza boris. Ni da na yi shekaru ina zagin masu irin wannan."

"Ba ta manta ba," in ji Safiyo.

"Ban ce ta manta ba."

"Lokaci ne bai ishe ta ba."

Auta ta naɗe mayafin a cinyarta, ta kama ƙarfen za ta tura.

"Bari," in ji Safiyo.

Ta janye hannu. Safiyo ya daɗe yana kallon ƙaramin giyan. Kan ƙarfen ya goge, ya yi santsi a gefen da tafin hannu ke kamawa, gefen da ba nasa ba. Nan ta bar shi. Duk abin da ta bari a gida an wanke, an naɗe, an raba wa dangi, har tsintsiyar da ta jingina a bayan ƙofa wani mai kirki ya gyara mata tsayuwa. Wannan kaɗai ne ya tsaya yadda hannunta ya sake shi. In ya bar shi haka, gobe masu guduma su zo.

Ya miƙa hannu ya tura. Ƙarfen ya ƙi motsi.

"Ba zai fita haka ba," in ji Injiniya. "Ya ɗaure da yawa. Sai ka yi baya kaɗan, ya saki."

"Baya kuma? Ai ba abin da nake yi sai shi."

Ya sa ribas. Alfadara ta ja da baya a hankali, tsawon jikinta, ko fiye kaɗan. Wani abu ya sauke numfashi a ƙarƙashinsu. Ya sake turawa, ƙarfen ya tafi gaba da ɗan ƙaramin sauti, kamar an ajiye cokali a faranti.

A shataletale ya karya sitiyari har ƙarshe. Motar ta zagaya sumul. Ya sake zagayawa, masu babura suna yi masa hon. Babu tsalle, babu bugu, ko gunagunin babu.

"Ka ji?" in ji Injiniya daga baya. "Tsit!"

Auta ta ciro waya, ta ce bari ta gaya wa masu ƙarafan kada su wahalar da kansu. Safiyo ya sauke gilashin gefensa, ya karkata kunnen da ke ji, ya saurara. Iska ce kawai, da tayoyi a kan kwalta.

"Na ji," ya ce.