Ranar da Muka Ɗauko Wusa

Ni da yayana Tsado muke fito a Lenfagi, sana'ar da muka gada wurin ubanmu. Shekarar da murar Lakwaja ta zo, Kwara ta cika maƙil, shinkafa ta fara nuna a fadama. Labarin cutar ya riga ta isowa. Masu kai kifi Baro suka dawo suna cewa 'yan dakon jirgin Turawa na zubewa a kan kaya, mutum ya fara tari yau, jibi a binne shi. Dagacinmu, Ndako Gimba, ya tara mu ya ce a jawo jirage duka kan tudu, ba mai ƙetarewa, ba kuma wanda za a ƙetaro da shi.

Muka yi kwana tara a haka. Daga gaɓarmu ana hango Kusogi a ƙetare. Da farko in iska ta juyo mukan ji koke-koke, daga baya muka daina ji. Hayaƙin girki ma ya riƙa raguwa kullum. A can 'yar Tsado, Wusa, take aure, da cikin wata bakwai. Tsado ya daina cin abincin kirki, yini yake a bakin ruwa.

Rana ta goma da hantsi wata mace ta fito gaɓar Kusogi tana kaɗa zane. Ba a ganin fuskarta, amma ana ganin cikin. Tsado ya kama jirgi ya fara ja. Kafin ya kai shi ruwa rabin gari ya taru, dagaci a gaba.

"Tsado, ka san abin da za ka ɗauko mana?"

"Na sani, Ndako. 'Yata."

Bai ce in zo ba. Amma na san mutum ɗaya ba ya tsallake Kwara in ta cika. Matata Wodu ta riƙe mini riga, ta ce in dubi 'ya'yana biyu tukuna. Na dube su, na zare hannunta, na ɗauki filafili.

Tun kafin mu isa wari ya tarye mu. Wusa na tsaye ita kaɗai, leɓɓanta sun bushe, amma ba ta tari. Ta gaida ubanta, sannan ta dube ni ta ce, "Ndagi, ashe ka tsufa. Tun ɗazu nake kallonka kana kokawa da ruwa." Ta so ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata. Ta ce mijinta Legbo ya mutu, kwanansa uku a ɗaki, ba mai ɗaukarsa, ita kuma ba za ta shiga jirgi ba sai an rufe shi. Muka naɗe shi a tabarma, muka haƙa rami a bayan gida. A gidan da ke kusa na leƙa, na ga mutum huɗu kwance, ban tsaya gane masu rai a ciki ba.

Da muka dawo, dagaci ya ce mu uku mu zauna a bukkar ƙyafe kifi, bayan gari, a riƙa ajiye mana abinci daga nesa. Muka yarda. Uwar Wusa ce ba ta yarda ba. Ranar farko ta ajiye ƙwarya ta juya, rana ta biyu ta shigo ta zauna tana tsefe wa 'yarta kai, sannan ta koma gida.

Rana ta uku kaina ya fara sara kamar ana faskara itace. Na tuna zazzaɓi, na tuna jini daga hancina, sauran ban sani ba. Da na farfaɗo an ce kwana shida ke nan. Tsado ne zaune kusa da ni, hannuwansa duk kanta ta fashe. Na tambayi Wusa. Ya ce ta haihu bakwaini, yaron bai yi kuka ba, ita ma ba ta kai la'asar ba. Uwarta ta bi ta washegari. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

"Yaya, faɗa mini sauran."

"Wodu ma. Shekaranjiya. Ni na haƙa mata."

Na fito ina bin bango. Liman ya mutu, sai wanda ya iya Fatiha ya tsaya gaba. Likkafani ya ƙare, tabarmi ma suka ƙare. Abin da ya fi ɗaure mana kai, cutar majiya ƙarfi take ɗiba, samari da masu goyo, ta tsallake tsofaffi da ƙananan yara. Tsado kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Kusan duk kabarin da aka haƙa a watan nan, shi ya haƙa shi. Wasu suka karɓi aikinsa ba tare da sun dube shi ba, wata tsohuwa kuma ta tofa masa yawu ta ce kada ya taɓa ɗanta. Ya jira ta shiga ɗaki, ya haƙa.

Mutum sittin da uku muka rasa a garin da bai kai ɗari uku ba. Shinkafa ta bushe a tsaye, tsuntsaye suka cinye.

Da ruwa ya janye muka ji cewa ƙauyukan da ba wanda ya shiga, ba wanda ya fita, su ma cutar ta same su, wasu ma ta fi yi musu ɓarna. Dagaci da bakinsa ya faɗi haka a ƙofar masallaci, ya ce a bar Tsado ya huta. Mutane suka ce to, amma ba wanda ya sake shiga jirginsa. Sai su tsaya a rana suna jiran wani.

Kafin damina ya bar mini jirgin, ya koma wata gona can nesa da ruwa. Na kai masa 'ya'yana biyu, don ni ban iya dafa ko ruwan zafi ba, shi kuma ya iya. A hannunsa suka girma. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka, kuma ni na yi masa wanka.