Awa Goma Sha Huɗu a Takardar Bandeji

A sashen ƙashi na asibitin babu wanda bai san Sista Babba ba. Ba don tsawo ake ce mata Babba ba, don kuwa sai ta yi ɗage kafin hannunta ya kai saman kabad ɗin magani. Shekara goma sha ɗaya ta yi a sashen. Ta ga karaya iri-iri, ta ga jini har ya daina ba ta tsoro, amma abu ɗaya ne har yau yake tayar mata da hankali: ta ɗaga takardar da ke rataye a ƙafar gadon majinyaci ta tarar da layi babu rubutu. Nan take za ta yafito nas ɗin da ke kan aiki.

"Zo nan, ƙanwata. Daga goma zuwa biyu, wa ya duba wannan bawan Allah?"

"Ni na duba shi, Sista. Lafiyarsa ƙalau."

"A zuci kika rubuta? To ni ban iya karatun zuci ba. Ɗauko biro."

Ƙananan ma'aikatan sukan yi ta ƙunƙuni a bayan idonta. Amma ranar da mahaifiyar ɗayarsu ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, da kuka nas ɗin ta zo tana roƙon a kwantar da uwar a gadon da Sista za ta riƙa gani.

Gida kuwa ɗaki biyu ne a hawa na biyu, ita kaɗai sai kyanwarta. Shekara uku ke nan da ta tsince ta a bayan ɗakin wankin asibiti, 'yar mitsitsiya, ta jiƙe sharkaf, kukan ma ba ya fita. Ruwan toka ce, sai wani farin zobe a ƙafarta ta gaba, kamar an naɗa mata bandeji. A kwalin safar hannu aka kawo ta gida, sunan kuma ya bi ta.

Bandeji ta san ƙarar takalmin Sista tun daga matakala ta farko. Kafin makulli ya gama juyawa tana bakin ƙofa, ta yi ta nannaɗe mata ƙafafu har ta kusa kayar da ita. Sista ta zuba ruwan ɗumi a roba ta tsoma ƙafafunta, kyanwar ta haye cinyarta, sai labari: wane likita ne rubutunsa ya gagari kowa yau, wane tsoho ne aka kama ya ɓoye ƙwayoyinsa a ƙarƙashin matashi. Da mutanen asibiti za su ji irin dariyar da take yi a ɗakin nan, sai sun rantse ba ita ba ce.

Ana nan sai nas biyu suka bar sashen cikin wata guda, ɗaya ta tafi ƙaro karatu, ɗaya ta bi mijinta wani gari, ba a kuma kawo madadinsu ba. Sista ce ke tsara jadawalin aiki, ita kuma ba ta iya ɗora wa wata abin da ba ta ɗauka ba. Ta koma fita ƙarfe shida na safe, dawowa takwas na dare, kwana shida a mako.

Bayan wata biyu ta fara ganin gashi a kan matashi, a kan kujera, har cikin takalminta. Wata safiya ta juya Bandeji tana yi mata cakulkuli, sai ta ƙura wa cikinta ido. Cikin kyanwar ya zama ƙwal, faɗin tafin hannu babu gashi ko ɗaya, fatar ta yi jajir.

Sai ta yi abin da ta iya. Ta ɗauko farar takarda da rula, ta ja layuka, ta rubuta lokaci, abinci, ruwa, bayan gida, yanayi, ta manna a ƙofar firji. Ta canza abinci. Ta wanke shimfiɗar kyanwar da ruwan zafi, ta sayo maganin ƙuma. Mako uku tana cike takarda, kuma kullum labarin ɗaya ne: ta ci, ta sha, ta yi wasa da zare, ta yi barci. A takarda babu kyanwar da ta kai Bandeji lafiya. A cikinta kuwa wurin sai ƙara faɗi yake yi.

Ranar hutunta ta sa ta a kwando ta kai ta wurin likitan dabbobi, wani mai tumbi da tabarau a ƙarshen hanci, hannuwansa duk tabon yakushi. Ya duba fata, ya duba haƙora, ya ɗora ta a sikeli. Babu ƙuma, babu makero. Sista ta buɗe jaka ta miƙa masa takardunta, an jera su tsaf an maƙale da fil.

"Ikon Allah," in ji likitan. "Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin kyanwa mai fayil ba. Ni kaina ba ni da irinsa."

Ya yi ta buɗawa yana gyaɗa kai. Can sai ya tsaya, ya koma shafin farko, ya sake binsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗora yatsa a tsakiyar takarda.

"Sista, daga shida na safe zuwa takwas na dare fa? Wa ya duba ta?"

Ta karɓi takardun ta duba da idonta. Rubutu a sama, rubutu a ƙasa, tsakiya fari fat, kowane shafi, kwana ashirin da ɗaya in ban da ranakun hutu. Ita da hannunta ta ja layukan, kullum ta tsallake su, ko sau ɗaya ba ta lura ba. Da wata ce ta kawo mata wannan a sashe, da yau asibiti bai zaunu ba.

"Babu kowa," ta ce a hankali.

"To ciwon ke nan. Lasar kanta take yi tun safe har ki dawo, don ba ta da abin yi, ba ta da wanda za ta kalla. Akwai kyanwar da zaman kaɗaici bai dame ta ba. Taki ba ta cikinsu."

Ya ce ko ta rage aiki, ko ta ƙaro wata kyanwar su zama biyu, ko ta nema mata gidan da ake wuni da mutane. Sista ta yi mako guda tana juya maganar. Ta zauna da jadawali da fensir, ta goge sunanta, ta ga gado arba'in sun faɗa kan 'yan mata uku, ta mayar da sunan. Ƙaro wata kuwa, a ganinta majinyata biyu ke nan babu nas. Ta gwada barin rediyo a kunne. Da ta dawo ta tarar ana ta sharhin ƙwallo, Bandeji kuma ta lashi wurin har ya fara tsattsafo da jini.

Washegari da aka tashi cin abincin rana, ta kira Kawu a waya.

Kawu ƙanen mahaifiyarta ne, mai gyaran agogo. Ɗakin gaba na gidansa shi ne shagon, yana zaune a ciki tun hantsi har faɗuwar rana, gilashin ƙara girma a ido ɗaya. Tunda kowa ya koma duba lokaci a waya ciniki ya ja baya, sai dai bai taɓa rufe shagon ba.

"Kyanwa a shagon agogo?" ya ce. "Uwata, kin san girman sukurun da nake aiki da su? Atishawa ma waje nake fita in yi."

"Mako biyu kawai, Kawu. Gwaji ne."

"Haka uwarki ta ce da ta kawo min ke hutu, kika yi shekara."

Da hutunta ya zagayo ta kai ta, kuma yadda ake miƙa majinyaci a sashe haka ta miƙa ta. Shafi huɗu ta karanta masa a tsaye. Ba ta yarda da "na ji" ba, sai da ya ɗaga kyanwar da hannunsa ya ga cikin da idonsa. Sannan ta ba shi sababbin takardu masu layi, ta nuna masa inda zai sa hannu.

"In sa hannu? Kyanwar ce za ta kai ni kotu?"

"Kawu."

"To, to. Allah ya jiƙan majinyatanki da ransu."

Mako biyun nan ba su yi mata sauƙi ba. Takan tura ƙofa a hankali don kada ta buge abin da babu shi. Ta tsoma ƙafa a ruwa, labarin ranar ya taru a bakinta, ta haɗiye. Ta hana kanta zuwa don kada ta ɓata gwajin. Amma ta yi wa kanta alkawari guda: idan ta je Bandeji ta share ta, shi ke nan, ta samu gida. Idan kuwa ta taho da gudu, wallahi da ita za ta dawo, ko me likita zai ce. Ta san wanda take fata a cikin biyun, har kunyar kanta take ji.

Ranar da mako biyu suka cika ta isa shagon da hantsi, kwando a hannu. Bandeji na kwance a kan teburin aiki inda rana ke shigowa, tsakanin wani agogon bango da aka farke da gwangwanin kusoshi. Sista ta yi sallama.

Sallamar ba ta ƙare ba kyanwar ta zabura. Gwangwani ya kife, sukuru suka watse ko'ina a ƙasa, Bandeji ta diro ta taho a guje, ta kama siket ɗin Sista ta haye har kafaɗa, tana goga kai a wuyanta tana wani kuka mai kama da faɗa.

"Innalillahi!" in ji Kawu. "Aikin kwana uku!" Ya durƙusa da maganaɗisu yana bin ƙasa. Daga can ƙarƙashin tebur ya ci gaba da magana, bai ɗago ba. "Ba zan ɓoye miki ba. Kwana ukun farko ko abinci ba ta kalla ba. Har yanzu kuma, takwas na yi sai ta je bakin ƙofa ta zauna. Na saita agogo da ita, ba ta kuskure. Taki ce, uwata. In kin zo ɗauka ne, ɗauki abarki."

Sista ta rungume ta, zuciyarta fal murna. Ga alkawari ya cika, ga kwando a buɗe, mai gida ma ya ce a ɗauka.

"Ina takardun?" ta ce, don hannunta ya saba, ba ya karɓar majinyaci haka nan.

Kawu ya zaro su daga aljihun tebur. Mai agogo ne ya cike su, don haka babu "da safe", babu "da rana". Tara da minti goma sha bakwai, ta ture min sukudireba. Sha ɗaya da arba'in da biyu, ta kori ƙadangare, ƙadangare ya yi nasara. Ɗaya da minti biyar, ta yi barci a cikin hulata. Uku da rabi, mai kawo agogon makaranta ya ce in sayar masa da ita, na ce ya fita. Layukan ba su ishe shi ba, har gefen takarda ya bi, har baya.

Ta karanta duka, shafi goma sha huɗu, Bandeji na maƙale a kafaɗarta. Sannan ta zauna a benci, ta kwantar da ita a cinya, ta juya ta. Jan ya tafi. Wani lallausan gashi ya fara tsirowa, irin na kan jariri, sai ta karkata ta wajen haske ta gan shi sosai. Ta shafa wurin da yatsa, ta sake shafawa.

Agogunan shagon suna ta tafiya, kowane da nasa taku. Kawu ya gama tsince sukurunsa ya koma kujera, ya sa gilashi a ido yana kallon agogon da ko taɓa shi bai yi ba.

Sista ta sake duban takardun. Gobe ƙarfe shida za ta fita, jibi ma haka, kuma babu wanda ya ce mata ga ranar da za a kawo sababbin ma'aikata.

"Kawu," ta ce. "A nan za ta zauna."

Ya cire gilashin. "Kin tabbata? Kin ga fa yadda ta yi da ta ji muryarki."

"Na gani. Na kuma ga cikinta."

Ta miƙe ta ɗora masa ita a hannu, sai da ta ɓamɓare faratan daga mayafinta ɗaya bayan ɗaya. Ta tura kwandon ƙarƙashin benci da ƙafa.

"Ka riƙe ta sosai sai na sha kwana. Kada ka bari ta biyo ni titi."

"Na riƙe. Ranar hutunki fa?"

"Zan zo."

"Ki zo da maganaɗisu babba. Wannan nawa ya yi mana kaɗan."

Ta yi dariya, ta fita. Kukan Bandeji ya biyo ta har gaban shagon mai walda, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya komawa za ta yi. Sai da ta kai tashar bas ta zauna, ta sa gefen mayafi ta share fuskarta. Wata mata da ke kusa ta tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya lau," in ji Sista. "Mai jikin ta samu sauƙi."