Hannun Mai Burodi

"Ku yi a hankali mana! Mutum kuka ɗauko, ba buhun fulawa ba," na daka wa ɗaliban nan biyu tsawa.

A kan kujerar roba suka ɗauko maƙwabcina Mai Burodi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, daga ɗakinsa zuwa bayan gida inda tanderu yake. Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba, amma sau uku suna ajiye shi saboda tari. Matarsa na biye da ƙaramin tawul, ta goge masa baki ta naɗe da sauri don kada mu ga abin da ke jiki. Ni dai na gani.

"Sarauniyar Ƙorafi," ya ce da ni da numfashi ya dawo masa, "ke ko gawata aka ɗauko sai kin ce an karkace."

"Yi mana shiru, ka adana numfashinka," na ce. 

Shekara goma sha tara muna katanga ɗaya da shi. Ni tela ce, kuma duk farin yadin da na shanya sai hayaƙin tanderunsa ya mai da shi ruwan toka. Mun yi faɗa har mun gaji. Bayan kowace rigima yakan aiko mini da burodi mai zafi, in cinye tas, in leƙa ta katanga in ci gaba daga inda na tsaya. Amma da jikata ta fara ciwon ƙirji sai na kai ƙara wurin duba-gari. Ni na kai, ba na ɓoyewa. Suka ba shi wata uku, ko ya gyara hayaƙin ko su rufe wurin.

Ana haka waɗannan ɗaliban jami'a suka zo. Ƙungiya ce da su, suna zagaya masu ƙananan sana'o'i kyauta, suna nuna musu yadda za su rage hayaƙi da shara da ɓarnar makamashi. Shugabarsu wata siririyar yarinya ce mai tabarau, da tsokana muka fara ce mata Injiniya har sunan ya bi ta. Ba zan ci haƙƙinsu ba, yaran sun yi aiki. Sun gina sabon tanderu mai cin curarren garin katako, da dogon bututu, da ɗan agogon auna zafi a jikin ƙofa. Kuskure ɗaya suka yi. Wurin ya yi musu kaɗan, sai suka rushe tsohon tanderun tun ba a gasa ko burodi ɗaya a sabon ba. A satin nan aka kwantar da Mai Burodi a asibiti, kuma bayan kwana tara likita ya ce a koma da shi gida. Kowa ya gane.

Shi kuwa tunda yake bai taɓa gasa burodi da lamba ba. Hannu yake zurawa a tanderu ya ƙirga da ƙarfi, ya ce a zuba ko a jira. Matarsa ta iya kwaɓi, ta iya yanka, ta iya jera gwangwanaye, wuta ce kaɗai bai taɓa sakar mata ba. Injiniya ta duba littafi ta ba da lamba, burodi ya ƙone a sama ciki ɗanye. Ta rage, ya fito fari fat da tauri kamar bulo. Sau biyar ana asara. Masu shaguna suka koma wani wuri, kuma buhun ƙarshe aka kwaɓa a safiyar ranar. In wannan ya lalace, matar nan da 'ya'yanta huɗu ba su da sana'a.

Shi ya sa ya ce a kai shi bakin tanderu. Shawararsa ita ce ya zura hannu, in ya ce ya yi, Injiniya ta karanta agogo ta rubuta lambar.

Aka matsar da kujerar bakin tanderu. Matarsa ta naɗe masa hannun riga, ta tallafi gwiwar hannunsa, ya zura. Muna jiran ƙirge. Bai ƙirga ba.

"Malam, fitar da shi haka nan!" ta ce, ta fizgo hannun. Gashin hannun ya ƙone, muna jin ƙaurinsa.

Ya daɗe yana kallon hannun. "Ban ji komai ba," ya ce. "Wallahi ban ji ba. Hannun ya riga ni tafiya."

Matarsa ta durƙushe ta ɗora hannu a ka. Injiniya ta cire tabarau tana kuka kamar ƙaramar yarinya. "Baba, ka yafe mana. Mu muka rusa maka. Da mun bari sai an gwada..."

"Kuka zai gasa burodin?" na ce mata. Tsawa na yi, amma tsoro nake ji, don ina ganin kwaɓin ya kumbura har yana leƙowa ta bakin gwangwanaye. Kwaɓi ba ya jiran kowa.

"Ki bar 'yar mutane," in ji shi. Ya juya ga matarsa. "Tashi. Ɗebo fulawa a tafin hannunki. Haka maigidana ya fara koya mini, kafin hannu ya waye. Na raina abin, shi ya sa ban taɓa nuna miki ba."

Ta ɗebo. Ya ce ta watsa a ƙasan tanderu, in ya ƙirga goma fulawar ta yi launin bayan burodi, to ya yi. Ta watsa, ya fara ƙirge, kafin ya ce huɗu ta yi baƙi ƙirin. Aka bar ƙofa a buɗe muka jira. Ta share ta sake watsawa, a bakwai ta ƙone. Tari ya sarƙe shi, wannan karon tawul bai iya ɓoye komai ba.

"Mu mai da shi ɗaki," in ji ɗaya daga cikin samarin.

Mai Burodi ya girgiza kai, ya nuna fulawa da ido. Ta watsa ta uku. Ya ce ɗaya, ya ce biyu, murya ta ɗauke. Leɓensa na motsi, babu sauti.

"Uku," na ce. "Huɗu."

Shekara goma sha tara ina jin ƙirgen nan ta katanga ina tsaki, na san inda yake ja da inda yake tsayawa. Na ja shi yadda yake ja. Da na kai goma fulawar ta yi ja mai kyau, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Karanta!" na ce wa Injiniya.

Ta karanta lambar agogon sau biyu, ta rubuta a tafin hannunta don ta rasa inda ta jefar da littafin. Matarsa da samarin suka hau zuba gwangwanaye, aka rufe ƙofa.

Muka ja kujerarsa inuwar katanga, na zauna a kan bokiti kusa da shi. Su duka suna can sun zuba wa tanderu ido.

"Maƙwabci," na ce, "ni na jawo maka wannan. Da ban kai ƙara ba, da tanderunka na nan."

Sai da na kai kunne kafin na ji shi. "Ke yadi hayaƙin ya ɓata miki. Ni ga inda ya zauna." Ya taɓa ƙirjinsa. "Kin makara ma da kai ƙarar."

Na riƙe hannun nan da ya ƙone, ina karanta masa kalmar shahada yana bi da leɓe. Ƙanshi ya fara tasowa, na gaske, irin na da. Na ga hancinsa ya motsa. Na juya in ce a duba ko lokaci ya yi, da na juyo kansa ya kwanta a kafaɗa. Na kira shi sau biyu. Sai na shafa masa ido, na gyara masa hannun riga, na kasa buɗe baki in kira kowa.

Na ji ƙarar ƙofar tanderu, na ji samarin sun yi ihu. Matarsa ta taho da gudu da burodi ɗaya a hannu, ja, ya tashi sosai, yana tururi.

"Malam, duba! Malam, ya yi!"

Ta kalle ni, ta kalle shi, ta tsaya cak. Burodin na ƙona ta. Tana ta juya shi daga wannan hannu zuwa wancan, ta rasa inda za ta ajiye.